Ladingo da 'Ya'yanta Masu Ruwan Zuma

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

To, ta zo, amma a gajiye ta zo, kamar mai ba da ita. Tun safe nake kan turmi, bayan nan kamar ba nawa ba. Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Cindo, ɗauke ƙafarka daga kan zanena.

An yi wani tsoho a wani gari, ana ce masa Baba Tunau. Ba shi da shanu, ba shi da awaki, abin da ya sani a duniya kiwon tantabara ne. Kuma ba irin waɗannan da kuke kora a bakin rumbu ba, nasa masu alkafura ne. In ya sake su da safe sai su yi sama, su yi sama, har su zama 'yan mitsi-mitsi, sannan ka ga sun fara wuntsilawa ta baya, gir-gir-gir, kamar an murza mazari, su kuma miƙe su ci gaba da tafiya. Mutane kan tsaya a hanya da kaya a ka suna kallo. Gidajensu tsofaffin tukwane ne da ya kafa a jikin katanga, layi bisa layi, can sama inda ba abin da ke iya hawa.

A ɗaya daga cikin tukwanen nan akwai miji da mata, Jatau da Ladingo. Dukansu jajaye ne, ja irin na goro. Jatau shi ne gwanin alkafura na gidan, ya kuwa san da haka, har sanin ya yi masa yawa. In ya sauko sai ya kumbura wuya yana zagaye kansa yana cewa, "Ni ja, ubana ja, uwata ja, kakana ja." Ladingo ta ji wannan magana har kunnenta ya daina ɗauka. Ita dai rayuwarta ƙwai biyu, kwanci, ɗura, ƙwai biyu, kwanci, ɗura. Su tantabara raba aiki suke yi. Miji ya zauna a gida daga hantsi zuwa la'asar, mata ta fita ta ci ta sha, in ta dawo sauran duk nata ne har wani hantsin.

A gidan kuma akwai Muzuru. Baba Tunau ya bar shi ne don ɓeraye, amma ɓera yana da gudu, shi kuwa Muzuru ƙiba da shekaru sun taru sun yi masa yawa. Kullum yana kwance a gindin katanga yana jin kukan 'yan shila a sama, miyau na zuba. Ya gwada hawa ya zame. Ya sake gwadawa ya zame. Sai ya ce a ransa, "To, in ni ba zan hau ba, ai su sa iya saukowa."

Ana nan, ana nan, Ladingo ta ƙyanƙyashe. Ɗaya namiji, ya fito da gashin haihuwa luf-luf kamar kowane ɗan shila. Ɗayar mace, ita kuwa ta fito kusan tsirara, ɗan gashin da ke jikinta bai kai a ce gashi ba. Ladingo ba ta damu ba, ta ƙara matsa ta a ƙarƙashin ƙirjinta don kada sanyi ya kama ta. Da fuka-fukai suka fara tsirowa, namijin ya yi ja kamar ubansa. Macen ba ta yi ja ba, ba ta yi fari ba. Wani launi ta yi mai taushi, kamar zuma farar saƙa in an ɗaga ta a rana. Ladingo ta duba ta ce, "Kai, Allah mai iko." Jatau ya duba ya kau da kai.

Rannan Jatau ya sauka shan ruwa a kasko, sai Muzuru ya miƙe daga nesa ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, sarkin alkafura. An ce an yi ƙaruwa. Allah ya raya."

"Amin," in ji Jatau.

"Na hango wata a bakin tukunya. Baƙuwa kuka yi?"

"'Yata ce."

"Af, 'yarka ce? To madalla. Ka san ni na tsufa a kan duba launi, gida-gida ake kirana. Amma tun da ka ce 'yarka ce, ai shi ke nan."

Sai ya juya kamar zai tafi, yana tafe yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa:

"Ja da ja, ja za su haifa,
Fari da fari, fari za su haifa,
'Yar da ta zo da baƙuwar riga,
A tambayi uwarta wa ya ɗinka."

Jatau bai ƙarasa shan ruwan ba. Ya koma sama, ya zauna yana kallon 'yar, yana kallon ƙirjinsa, yana kallon 'yar. Ladingo kuwa tana can bayan gari tana tsintar gero. Da ta dawo da la'asar sai ta tarar da ɗa ɗaya a tukunya.

"Maigida, ina yarinyar?"

"Ta faɗi."

"Ta faɗi yaya? Ko bakin tukunya ba ta iya kaiwa ita kaɗai."

"Na ce miki ta faɗi."

Ladingo ta leƙa ƙasa. Ba ta ga komai ba sai Muzuru yana wanke fuska da hannu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta koma ta ɗura wa namijin, don shi bai san an yi mutuwa ba, yunwa kawai ya sani.

Aka ci gaba. Ƙwai biyu, kwanci, ɗura. Ta yi haihuwa ta samu jajaye duka, mace da namiji, Jatau ya kumbura wuya ya ce, "Yauwa, waɗannan nawa ne." Ta sake yi, jajaye. Sai a wata haihuwar kuma wata ta fito tsirara. Tun ranar da Ladingo ta ga fatar nan ba gashi gabanta ya faɗi, don ta gane abin da zai tsiro. Ya kuwa tsiro, ruwan zuma, kuma mace. Muzuru bai ma tsaya gaisuwa ba wannan karon. Kwanciya ya yi a gindin katanga ya ɗaga waƙarsa yadda duk tukwane za su ji:

"Ja da ja, ja za su haifa,
Fari da fari, fari za su haifa,
'Yar da ta zo da baƙuwar riga,
A tambayi uwarta wa ya ɗinka."

Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna komawa. Ladingo ta ƙi fita da hantsi. Washegari ma ta ƙi. Amma ƙishirwa ba ta san uwa ba. Ta ce bari ta sauka ta kurɓi ruwa ta dawo, ba ta ko kai bayan gari ba. Da ta dawo, ɗa ɗaya.

"Maigida, ita ma faɗuwa ta yi?"

Jatau ya ce, "Ni na tura ta. Waccan ma ni na tura ta. Ba na ɗura wa 'yar wani. Ki faɗa mini ubansu."

Ladingo ta dube shi. Ta so ta yi faɗa, ta so ta yi rantsuwa, amma ƙarfin bai zo ba. Ta ce, "Tun da aka haɗa mu a tukunyar nan ban san wani ba sai kai." Ya ce, "To wa ya ɗinka?" Ita ma ba ta sani ba. Kuma ba ta kai ƙara wurin Baba Tunau ba. Kunya ta hana ta, wace mace ce za ta tsaya gaban babba ta ce ga abin da mijinta ke zarginta da shi? Shi kuwa tsohon in ya leƙa ya ga ɗaya, sai ya ce ɓeraye ne, ya ƙara wa Muzuru tuwo don ya ji ƙarfin kama su.

Kun ji ko? Ke Tasalla, kada ki yi kuka tun yanzu, da sauran tafiya.

Ladingo ta gaji. Ta gaji da ƙwai, ta gaji da kwanci, ta gaji da kallon da maƙwabta ke mata a bakin kasko. In ta ji ƙwai ya fara motsi a ƙarƙashinta, maimakon murna sai tsoro ya kama ta. Ana haka ta uku ta zo, tsirara, ƙarama, tana buɗe baki tana neman abinci. Ladingo ta ce, "Ke kam ba inda za ki faɗa." Ta kwanta a kanta. Hantsi ya yi ba ta tashi ba. La'asar ta yi ba ta tashi ba. Gari ya waye, rana ta faɗi, gari ya waye, tana nan. Jatau yana ɗura wa namijin, macen ko kallonta ba ya yi. Ladingo tana ba ta ɗan abin da ya rage a maƙogwaronta har ya ƙare. Ƙashin ƙirjinta ya fito, idonta ya faɗa. Ta ga in ta zauna yunwa za ta kashe yarinyar, in ta tashi uban zai kashe ta.

Sai ta ce, "Maigida, kullum cewa kake uwarka ja, ubanka ja. Bari in je wurin Inna in tambaye ta, ko a danginku an taɓa yin irin wannan. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa ta ba sai na dawo."

Jatau ya yi dariya. "Je ki tambaya. Daga yanzu zuwa la'asar, lokacin zamana ne, ba zan taɓa ta ba. In la'asar ta yi ba ki zo da uban rigar nan ba, za ta bi 'yan'uwanta."

Ladingo ta sauka ta sha ruwa, ta tsinci ƙwayar dawa kaɗan, ta nufi tukunyar ƙasa ta can ƙarshe, inda Inna Delu take, tsohuwar jar tantabarar da Jatau ke kira uwarsa. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, wata magana ce ta kawo ni, ki gafarce ni. A danginku an taɓa haifar mai ruwan zuma?"

"A dangina? Ko ɗaya. Mu jajaye ne kaf."

Ladingo ta sunkuyar da kai, ta juya za ta tafi. Sai Inna Delu ta ce, "Amma tsaya. Dangina kike tambaya ko dangin mijinki?"

"Ba ɗaya ba ne, Inna?"

Tsohuwar ta ce, "Ni na kwanta a kansa, ni na ƙyanƙyashe shi, ni na ɗura masa har ya tashi. Amma ba ni na sa ƙwan ba. Mu ba mu iya alkafura sosai ba, ni da marigayi mijina, sai dai mun iya reno. To Baba Tunau haka yake yi. In yana da wadda ta iya alkafura, ba ya barin ta ɓata lokaci wurin kwanci. Da ta sa ƙwai sai ya kwashe ya kawo mana, ya ɗauke namu, ita kuma ta sake sa wasu. Hannun da ya kawo Jatau daga tukunyar can ta sama ya sauko, ta kusa da indararo."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya masa ba?"

"Bai taɓa tambaya ba. Kuma ɗan da ka ɗura wa, da wane baki za ka ce masa ba naka ba ne?"

"Wace ce a tukunyar saman a lokacin?"

"Daga nan ƙasa ba a ganin na sama, 'yar nan. Tambayi mai hannun."

Ladingo ta cire kunya ta ajiye. Ta tarar da Baba Tunau a zaure yana gyangyaɗi, ta sauka a kan gwiwarsa.

"Baba, sannu da hutawa."

"Wa ke nan? Au, matar Jatau. Me ya rame da ke haka?"

"Baba, wace tantabara ce ta zauna a tukunyar kusa da indararo, wadda kake kwashe ƙwanta kana kai wa Inna Delu?"

Tsohon ya sosa gemu. "Kayya, wannan ai ba a yi irinta ba. In ta fara juyi a sama sai ka rantse ba za ta tsaya ba. Ita ce uwar mijinki. Da ta daina ƙwai na ba surukina ita, maƙerin nan na ƙetaren gulbi, mai tsamiya a ƙofar gida."

"Wane launi ne da ita, Baba?"

Ya yi tunani, ya yi tunani. "Wallahi na manta. Ni alkafura nake kallo, ba riga ba. In suna sama ai duk baƙaƙe ne a ido. Tantabaru nawa suka bi ta hannun nan?" Kafin ta sake magana kansa ya koma kan ƙirji.

Ladingo ta dubi rana, ta kusa tsakiya. Ta tashi ta nufi gulbi.

To ku sani, mai alkafura ba ta tafiya ce mai nisa ba. Abin da mutane ke tsayawa kallo, ita a wurinta lalura ce. Ba sai ta so take juyawa ba, abin zuwa yake ya kama ta. Ladingo ta yi sama ta miƙe hanya, sai juyi ya kama ta, gir-gir-gir, ta zubo, ta farfaɗo ba ta san gabas ba. Ta nemo hanya ta miƙe, ya sake kama ta. A tsakiyar gulbi ya kama ta har fiffikenta ya taɓa ruwa. Wasu masunta a jirgi suka yi ta tafi suna cewa, "Kai, dubi gwana!" Ita kuwa cewa take, "Wayyo ni, ku bar ni in isa."

Ta isa. Ga tsamiya, ga ƙarar maƙera. A kan katanga, gefe guda, nesa da sauran tantabaru, ta ga wata tsohuwa ta takure tana shan rana. Gashinta ya tsufa, ya caccaɓe, amma launin yana nan. Ruwan zuma, sak irin na 'ya'yanta. Ladingo ta sauka ta durƙusa a gabanta.

"Lafiya, 'yar nan? Daga ina?"

"Daga gidan Baba Tunau, Iya. Ni matar ɗanki ce."

"Ɗana?" Tsohuwar ta ɗago kai. "Ina da ɗa?"

"Kina da shi. Jatau sunansa, shi ne gwanin gidan."

"Ikon Allah. Ban taɓa ganin ɗana ko ɗaya ba. In na sa ƙwai, kafin ya yi ɗumi hannu ya zo ya ɗauke. In sake sawa, hannu ya zo. Na yi ta zubawa har ya ƙare a cikina, da ya ƙare aka ba da ni. Ban san ko sun ƙyanƙyashe ba ma."

Ladingo ta kwashe labari duka ta gaya mata, tun daga ta farko har wadda ta baro a tukunya. Ta ce, "Iya, shi ja, ni ja. Ta ina rigarki ta bi ta zo jikin 'ya'yana?"

Tsohuwar ta ce, "Tsirara suke fitowa, ko?"

"Tsirara."

"Kuma duk mata?"

"Duk mata."

"Ni ma haka na fito, kuma ubana ja ne wur. Na ga wannan a gidanmu, na gan shi a nan. Rigar nan haka take tafiya. Uwa ta ba ɗanta namiji. Shi ba ya sa ta, sai ya ninke ta a ƙarƙashin jar rigarsa, bai ma san tana nan ba. In ya zo haihuwa sai ya raba wa 'ya'yansa mata, wata ya ba ta ja, wata ya ba ta wannan. Mu tantabara, 'ya mace wurin ubanta take karɓar riga, ba wurin uwa ba. Ke ba ki ba su komai ba, 'yar nan. Shi ya ɗinka."

Ladingo ba ta yi murna ba. Ta zaci za ta yi, amma sai ta ji wata gajiya ta sauko mata wadda ta fi ta hanya. Ta ce, "Ba zai yarda da bakina ba, Iya. Sai ya gan ki."

"Rabona da tashi mai nisa har na manta."

"La'asar ya ba ni."

Tsohuwar ta dubi rana, ta karkata. Ta miƙe, ta karkaɗe fuka-fukai, ta ce, "Mu je in ga abin da na haifa."

Tafiyar dawowa ta fi ta zuwa wuya. Tsohuwa ta tashi kaɗan ta sauka a kan kuka ta huta. Ta tashi kaɗan ta sauka a kan ɗorawa ta huta. A kan gulbi juyi ya kama su su biyu, suka zubo tare, suka farfaɗo tare. Ladingo ba ta ce mata yi sauri ba, don ta ga iyakar saurinta ke nan. Ido kawai take ɗagawa tana duban rana.

Can gida kuwa Muzuru bai huta ba. Yana gindin katanga yana cewa, "Ranka ya daɗe, har yanzu ba ta dawo ba? Wurin Inna ta ce za ta, ga Inna nan a tukunyarta. Ni dai na ga ta yi ƙetaren gulbi. Wataƙila wurin maɗinkin ta tafi." Inuwar katanga ta yi tsawo. Ladan ya yi gyaran murya. Jatau ya sa baki ya tura yarinyar, ya tura, har ta kai bakin tukunya. Ta ɗauka abinci zai ba ta, tana ta kaɗa 'yan fuka-fukanta tana neman bakinsa. A ƙasa Muzuru ya gyara tsayuwa ya buɗe nasa.

Sai ga Ladingo ta faɗo bakin tukunyar, ta sa ƙirji ta mai da yarinyar ciki. Bayanta tsohuwa ta sauka da kyar, tana haki, ta tsaya kusa da 'yar shilar. Launi ɗaya, kamar daga ƙwarya guda aka shafa musu.

Jatau ya ja da baya. "Wace ce wannan?"

Ladingo ta ce, "Ka ce in zo da mai rigar. Ga ta."

Tantabaru duk suka fito bakin tukwanensu. Daga can ƙasa Inna Delu ta ɗaga murya ta ce, "Jatau, ni na rene ka, amma ba ni na sa ƙwanka ba. Ka gafarce ni da ban gaya maka ba." Hayaniya ta tashi Baba Tunau, ya fito yana dogara sanda, ya kare ido da hannu ya duba sama. "A'a! Wa ya dawo da ke? Jatau, ai ga uwarka nan. Ashe ruwan zuma ce, yanzu na tuna."

Muzuru ya ga abinci na neman kuɓucewa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kada su ruɗe ka. Ni na san launi. Waɗancan biyun da na ci ma, tun daga ɗanɗanonsu na gane ba jininka ba ne."

Kwaɗayi ya sa ya manta wa ke tsaye a bayansa. Baba Tunau ya ce, "Waɗanda ka ci? Ashe kai ne ɓeran?" Ya ɗaga sanda ya sauke masa a gadon baya. Muzuru ya yi ƙara, ya bi ta indararon ƙasa yana jan ƙafa, bai sake kwana a gidan ba. An ce yana can wata unguwa yana duba wa kaji launi.

Jatau yana tsaye, wuyan nan da ke kumbura ya zama kamar tsinke. Ya dubi Ladingo ya ce, "Ladingo, ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Amma ni ban tura kowa ba. Matsa, yarinya ba ta ci ba."

Ya ce, "Bari in ɗura mata."

Ta matsa gefe ta bar shi, ba don ta huce ba, sai don babu komai a maƙogwaronta. Ya sunkuya ya ba 'yar, tana karɓa tana rawar jiki, ba ta san komai ba. Tsohuwa tana tsaye tana kallonsu. Ta dubi ɗan da ba ta taɓa gani ba, ta dube shi tun daga baki har wutsiya. Ta sa baki ta gyara wa jikarta gashin wuya a hankali, ba ta iya ba sosai, don ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Sannan ta ce, "Jatau."

"Na'am, Iya."

"Matarka ta gaya mini a can, amma ina so in ji daga bakinka. Duk abin da na haifa hannun mutum ne ya ɗauke mini, ban ga laifinsa ba, shi ba jininmu ba ne. Waɗannan biyun masu kama da ni, da sun rayu da yau na gan su. Wa ya ɗauke mini su?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙasa, gindin katanga, inda babu kowa yanzu. Tsohuwa tana jira. Ya waiwaya wajen Ladingo ko za ta ce wani abu ta fisshe shi, kamar yadda take rufa masa asiri kullum. Ladingo ta riga ta sa kai a ƙarƙashin fiffike, 'yarta a jikinta, ta yi barci.

To kun ji. In kuka ga wani naku ya fito daban, kada ku yi saurin cewa ba naku ba ne. Babu wanda ya san duk abin da yake ɗauke da shi a jikinsa daga na gabansa. Kuma duk wanda ya zo yana gaya muku wane ne naku wane ne ba naku ba, ku duba ku gani ko yana tsaye a ƙasa da baki buɗe.

Ƙurunƙus kan tsohon muzuru. Ku tashi haka nan, ni ma fiffikena nake nema.